Wai Odili ɗan juyin juya hali ne?

Ɗan Fagge: Salam jama'a, wallahi tun jiya raina a ɓace yake. Aiki aka ba mu kan littafin Chinua Achebe, A Man of the People, kwana uku ina fama, na rubuta cewa Odili, wanda ke ba da labarin, shi ne ɗan juyin juya halin littafin, malamin ya zagaye maganar da jan biro ya ba ni 4 cikin 15. Haba! Mutumin da minista Cif Nanga ya taka har gidan ubansa da fam 250 da alkawarin karatu a waje don ya janye takarar da yake yi da shi amma ya ƙi karɓa, aka yi masa dukan kawo wuƙa a wajen kamfen sai a gadon asibiti ya farka. Wannan in ba zalunci malamin ya yi min ba mene ne?

Yar Zariya: Ƙanena yi haƙuri amma wane juyin juya hali? Odili fa yana kwance a gidan minista a Bori, gida mai banɗaki bakwai, yana ta santi, ba a ji bakinsa ba sai daren da Nanga ya kwace masa budurwarsa Elsie. Washegari ya kwashi jakarsa ya tafi gidan abokinsa Max. Kishi ne ya kai shi siyasa, neman Edna ma, yarinyar da Nanga zai aura, da ramuwa ya fara shi.

Baban Ummi: Ni kalmar ce ma ta dame ni. Juyin MULKI aka yi a ƙarshen littafin, soja suka karɓa, aka kama Nanga cikin kwalekwale da shigar masunta zai gudu. Juyin juya hali shi ne jama'a su tashi da kansu kamar Faransa a 1789 ko Iran a 1979. Ku daina haɗa su.

Sarkin Yaƙi: Malam Baban Ummi to Sankara fa? Soja ne, da bindiga ya hau a 1983, amma har gobe juyin juya hali ake kira, har sunan ƙasar ya canja zuwa Burkina Faso. Kaki ba ya hana.

Baban Ummi: Sankara ya juya halin mutane, ya sayar da marsandin gwamnati. Sojan littafin nan me suka juya? Mutanen da suka yi wa Nanga rawa jiya su ne suka wayi gari suna zaginsa, hali na nan yadda yake.

Sarkin Yaƙi: Ashe ka yarda soja na iya yi kenan. Ka janye maganarka ta farko.

Baban Ummi: Ban janye komai ba, ka koma ka karanta da kyau.

Na Gamji: Ku dakata. Duk wanda ya kira aikin soja juyin juya hali ya sani bakin Nzeogwu yake ara, don shi ma da sunan majalisar juyin juya hali ya yi jawabinsa a rediyon Kaduna ranar 15 ga Janairu 1966, bayan sun kashe Sardauna a gidansa, a Legas kuma suka ɗauke Tafawa Balewa. Kakana har ya rasu in aka ambaci ranar nan sai ya tashi ya bar wajen. Kuma ku tambayi kanku ya aka yi littafi ya fito a watan da aka yi abin kuma ya ƙare da juyin mulki?

Yar Zariya: Yaya Na Gamji Allah ya jiƙan Sardauna da kakanka, amma zargin nan bai dace ba. Littafi ba a kwana ɗaya ake buga shi ba, Achebe ya daɗe da gama shi yana hannun maɗaba'a a Landan. Wannan zargin ne ya sa sojoji suka je nemansa a Legas har ya tsere da iyalinsa gabas. Kuma ko sunan ƙasa bai ambata a ciki ba.

Na Gamji: Ni dai ban karanta ba kuma ba zan karanta ba, abin da na sani na sani.

Yar Zariya: To fa, ba ka karanta ba kake yanke hukunci?

Na Gamji: Hajiya ba sai na sha guba zan san tana kisa ba.

Ɗan Fagge: Don Allah jama'a maganar maki na fa nake, ya muka koma 1966?

Maman Biyu: Duk kun manta da Eunice, budurwar Max, kuma abin yana min ciwo. Max ɗin da kuke gani lauya mai jam'iyyar talakawa ya karɓi fam 1,000 a hannun abokin hamayyarsa Cif Koko yana cewa dabara ce. Odili kansa da kuɗin jam'iyya ya ƙudura zai biya abin da Nanga ya kashe wa Edna. Amma da motar yaran Koko ta take Max, yarinyar nan jakarta ta buɗe ta ciro bindiga ta harbe Koko nan take, sannan ta faɗi kan gawar Max tana kuka. Ita kaɗai ce ba ta ci ko sisi ba, amma da yake mace ce ba wanda ya kawo ta.

Sarkin Yaƙi: Kisan kai kuma ya zama abin yabo Hajiya? Ramuwar soyayya ce irin ta Odili.

Maman Biyu: Kai da kake yabon masu kaki yanzun nan kai ne za ka yi min wa'azin kisa?

Admin: To ya isa haka, zan rufe. Abin da aka tsaya a kai shi ne juyin mulki ne ba juyin juya hali ba, kamar yadda Malam Baban Ummi ya kawo hujja tun farko kuma ba wanda ya iya ture ta, zancen Sankara fita ne daga layi. Odili kishi ya kai shi, wannan kowa ya yarda. Ni a ganina ma an matsa wa Nanga da yawa, mutum ne mai hannun kyauta da bai manta tsohon ɗalibinsa ba, ya sauke shi a gidansa, ya biya wa Edna makaranta. Ɗan Fagge malaminka ya yi daidai, ka same shi da ladabi ko zai bari ka sake rubutawa.