Na gama fito da mayaƙana, sai kuma me? Tambaya kan tsakiyar wasan ces

Sabon Hannu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu a wannan wasa. Matsalata ita ce taku na 11. Da fari nake bugawa, ina farawa da tura soja zuwa d4 (sunan gida ne a kan allo: harafi layin tsaye, lamba layin kwance), kuma idan baƙi ya amsa da d5 da e6 sai in ci d5 da sojan c, shi ma ya rama da sojan e. Daga nan giwata, wato mai tafiya a karkace, ta je g5, ɗayar d3, sarauniya c2, dawakai c3 da f3, soja e3, in shigar da sarki gida. Shi kuma ya sa soja a c6, giwa e7, hasumiya, wato mai tafiya a miƙe, e8, doki ɗaya f6, ɗayan ya zagaya ta d7 ya zauna a f8. Har nan ba ni da damuwa. Amma da zarar mun iso, sai in rasa abin yi. Babu abin ci, babu barazana, kowa ya tsare gidansa, agogo kuma yana tafiya. Me gogaggun 'yan wasa suke dubawa a irin wannan wuri?

Tsohon Ɗan Wasa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kyauta da ka kawo wurin da kansa, domin shawarar da ba ta da allo a gabanta ba ta cika amfani ba.

Ka kawar da idonka daga manyan mayaƙa tukuna, ka dubi sojoji kawai. Su ne ba sa komawa baya, saboda haka su ne suke faɗa maka inda wasan zai nufa. A ɓangaren sarauniya kana da biyu, a2 da b2, shi yana da uku, a7 da b7 da c6. Layin c a buɗe yake ta wajenka, layin e kuma a buɗe ta wajensa. Wannan tsari sananne ne, ana kiransa tsarin Karlsbad, da sunan garin da aka yi wata babbar gasa a 1923, kuma an daɗe da sanin abin da fari yake yi a cikinsa: ya tura sojojinsa biyu su afka wa uku.

Taku na 11 da kake tambaya: hasumiyar a1 ta koma b1. Sai b4, idan da hali a4, sannan b5. Yanzu ka duba halin da baƙi ya shiga. In ya bar ka ka ci c6 ya rama da sojan b, ya samu soja a c6 wanda babu wani soja da zai kare shi, ga shi a kan layin da hasumiyoyinka suke, ga gidan c5 ya zama masaukin dokinka ta hanyar a4. In ya ci b5 da kansa, sojan d5 ya zama maraya, wato babu sojansa a layukan da ke gefensa da zai kare shi. In ya tura c5 ka ci, nan ma d5 maraya ne. Duk inda ya juya sai ya bar rauni guda, kuma raunin soja ba ya warkewa da wuri. Ba za ka kashe sarki a taku biyar da wannan ba. Za ka tara hasumiyoyi a c1 da c2, ka tilasta wa mayaƙansa gadin soja ɗaya, sannan ka nemi rauni na biyu. Mai tsaro yana iya riƙe ƙofa ɗaya, biyu ne suke gagararsa.

Shi ma fa ba barci yake yi ba, kuma wannan ne abin da na fi so ka riƙe. Ka tambayi kanka me ya kai dokin nan f8. Sarauniyarka a c2 da giwarka a d3 suna kallon h7 tare. Doki ya zauna a f8 ya kare h7, don ɗan'uwansa na f6 ya samu sakewa ya yi tsalle zuwa e4. Daga nan hankalinsa yana kan sarkinka: doki g6, hasumiya ta hau e6 ta gangara h6, sarauniya ta biyo. Kana can kana ƙidayar sojan c6, shi yana neman kanka. Kafin kowane taku ka fara da tambayar abin da yake nufi da takunsa na ƙarshe, sannan naka ya biyo baya.

Ranar da ka shiga wurin da ba ka san tsarinsa ba, ka nemi mayaƙinka da ya fi kowa zaman banza, ka ba shi aiki. Ka buga wasan Karpov da Unzicker na gasar ƙasashe ta 1974 a Faransa a kan allonka, da hannunka. Layin a a buɗe yake, hasumiyoyi suna fuskantar juna, kowa yana jiran musaya. A taku na 24 Karpov ya ɗauki giwa ya dasa ta a a7, ya toshe layin, ya jera hasumiyoyinsa biyu a bayanta ba tare da an iya musayar su ba, daga baya ya juya ɓangaren sarki ya gama aiki. Taku ne da bai ci komai ba, amma ni ban san darasin tsakiyar wasa da ya fi shi ba.

Mai Lissafi:

Malam ya faɗi gaskiya, amma ina da ɗan ja. A matakin masu tasowa, yawancin wasanni ba sojan c6 ne yake raba su ba, wani ne yake barin doki a bakin ci. Shiri mai kyau ba ya ceton wanda ba ya ganin taku biyu a gabansa. Shawarata gare ka ɗan'uwa, kafin ka saki hannu ka duba abu uku, naka da nasa: wa zai iya yi wa sarki barazana, me za a iya ci, wane mayaƙi ne ba shi da mai kare shi.

Ga misali daga irin buɗewar da kake yi. Giwarka tana g5, dokinsa na f6 a ɗaure yake saboda sarauniya tana bayansa, ya sa ɗayan a d7 tun kafin c6. Sai ka ga kamar d5 kyauta ne, ka ci da doki. Shi kuwa ya ci dokinka da ɗaurarren dokin nan, ka ɗauke sarauniyarsa a d8, ya kawo giwa b4 da barazana ga sarki. Ba ka da abin tarewa sai sarauniya a d2. Ya ci ta, ka rama, sarkinsa ya ci giwarka a d8. Ka ba da doki a kan soja ɗaya. Ɗaurin da bayansa sarauniya ce ana iya kwance shi, wanda bayansa sarki ne kawai ba ya motsi. Ka riƙa warware matsalolin dabara kullum a shafukan ces na intanet irin su Lichess ko Chess.com, a hankali, kana lissafi har ƙarshe kafin ka taɓa komai.

'Yar Gasa:

Ƙari kaɗan. Akwai hanya ta biyu a wannan tsari ga mai son kai hari: dokin sarki ya je e2 maimakon f3, sannan f3 da e4 a fasa tsakiya. Haka Botvinnik ya yi wa Keres a gasar Tarayyar Sobiyet ta 1952. Ka gwada duka biyun ka ga wadda ta dace da halinka. Kuma ka rage wasan minti 3, ka koma na minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku. Bayan wasa ka fara rubuta abin da kake tunani a wurin da ka tsaya, sannan ka kunna Stockfish, manhajar da ke nazarin wasan ces.

Sabon Hannu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, saura guda: in na sa hasumiya a b1 ya tare ni da a5 fa?

Tsohon Ɗan Wasa:

Sai ka sa a3, sannan b4. In ya ci, ka rama da sojan a, b5 tana nan tana jira. Abin lura shi ne layin a ya buɗe wa hasumiyarsa ta a8, don haka kafin ka tura b5 ka duba ko za ta iya shigowa a3 ta dami dokinka na c3.