Wa ya taɓa sa wa injinsa metanol ko etanol a nan Kumasi?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Golf ɗina mai turbo ce, bara na sa aka ƙara mata iska. Tun daga nan, in rana ta take na taka ta a hanyar Ejisu, sai in ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ko da mai lamba 95 na sha. Abokina ya ce in zuba sifirit a tanki, wai shi 'yan tsere suke sha a Amurka. Don Allah wanda ya taɓa gwadawa da hannunsa ya faɗa mini abin da ya gani.

Fitan Suame: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma bai kai maka maganar ƙarshe ba. Metanol da etanol duka lambarsu ta oktan, wato ma'aunin jure ƙwanƙwasa irin 95 ɗin da ka ambata, ta kai wajen 108, shi ya sa suke jure matsi ba su kama wuta da wuri. Kuma suna sanyaya iskar da ke shiga inji. Ranar da na fara gwada metanol a wata tsohuwar mota mai kafireta, na ɗora hannu a wuyan iska na ji shi sanyi ƙalau, har yana zufa kamar kwalbar da aka ciro daga firiji. Na yi murna sosai.

Ga inda na faɗi. Fetur yana son awo 14.7 na iska ga awo 1 na mai. Etanol 9 yake so, metanol kuwa 6.4 kacal. Ke nan in metanol zalla za ka ba inji, sai ka ba shi fiye da ninki biyu na feturin da ya saba sha. Ni na haɗa kusan kashi ɗaya cikin uku a tanki, ban buɗa ƙofofin mai na kafireta ba. Mota ta tashi, ta yi gudu, inji yana cikin yunwa ban sani ba. Kwana huɗu, a hanyar Offinso, ƙarfi ya yanke, hayaƙi ya turnuƙe. Da muka buɗe, fulogi sun yi fari fat kamar alli, fistin na uku ya huje, ɗan yatsana yana shiga. Motar mutane ce, da kuɗina na gyara. Taka mai kwamfuta ce, amma ita ma ɗan ƙarin da za ta iya yi ba shi da yawa. Sai ka canja injekta da famfon mai zuwa manya, a sake saita kwamfutar.

Mai Tahoe, Asawase: Masta ya gama magana. Motata ta tashar jirgin ruwa ta Tema ta shigo daga Amurka, murfin tankinta rawaya ne, an rubuta E85, wato tana iya shan etanol har kashi 85 cikin 100, ita take daidaita kanta. Ban taɓa cin karo da gidan man da ke sayar da shi a nan ba, sai na sayi jarka biyu wajen masu sinadarai na haɗa da fetur. Jan ya yi daɗi, amma tanki ya riƙa ƙarewa da wuri, shan ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya fi ba ni wahala damina ce. Na bar ragowar haɗin a jarkar da murfinta bai kama ba, wajen wata biyu. Etanol yana zuƙo ruwa daga iska, ku kuwa kun san damshin Kumasi. Da na zuba, mota ta fara tari. Muka tsiyayi kaɗan a kwalba muka ɗaga wa rana: fetur a sama, wani ruwa gurɓatacce kwance a ƙasa.

Yaron Masta: Baba, to akpeteshi fa, giyar nan ta gargajiya? Na ji ana cewa shi ma etanol ne.

Fitan Suame: Kusan rabinsa ruwa ne, ɗana, kar ka kai shi kusa da tanki. Mutanen Barazil da suka fara tsarin man rake a 1975, tacewa suke yi sosai, kuma motocin don shi aka ƙera su.

Baban Yara, Sabon Zango: Ni maganar wuta ta kawo ni. Wutar metanol ba a ganinta da rana. A gabana ya zube wa wani yaronmu a hannun riga, ana walda a gefe. Sai muka ga yana tsalle yana ihu, babu harshen wuta, babu hayaƙi, rigar kawai tana naɗewa tana baƙi. Allah ya taimaka akwai bokitin ruwa kusa, shi kuwa metanol ruwa yana kashe shi, ba kamar fetur ba. Har yau tabon yana hannunsa. A tseren Indiyanafolis ma, da suka koma metanol bayan gobarar fetur ta 1964 da ta kashe direbobi biyu, irin wannan wutar ta ƙona Rick Mears a fuska a 1981. Sannan don girman Allah ku bar zuƙar tiyo da baki in metanol ne a ciki. Kaɗan ya isa ya makantar da mutum, yana shiga ta fata ma. Yana kuma cin alminiyam da tiyon roba, in ya kwana a layin mai za ka tarar da wani farin gari a ciki.

Mai Subaru: Yaya, ni ban sa a tanki ba. Ƙaramin tanki na ɗaura a but, rabi tataccen ruwan da ake ƙara wa batir (ba asid ba) rabi metanol, yana fesawa cikin iska sai lokacin da turbo ya ɗauka. Dabarar tsohuwa ce, Jamusawa sun yi ta a jiragen yaƙin duniya na biyu. Ƙwanƙwasa ta ɗauke ɗif. Amma in an saita inji a kan feshin, ranar da tankin ya ƙare ba ka sani ba, fistin ne zai biya. Ka sa fitilar gargaɗi a gabanka.

Ɗan Aboabo: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na fasa zubawa a tanki. Masta, ranar Asabar bayan azahar zan shigo Magazin, unguwar kanikawa ta Suame, mu fara rage iskar, mu duba fulogi, sai ka ga ko feshin nan zai zauna a but ɗin.