Hutu a ƙauyen Imlil na Maroko: abin da majalisarmu ta tattara

Da hirar hutun ƙauye a ƙasar waje ta taso a majalisarmu ta Tudun Wada, Imlil aka fi ambata, wani ƙauye a duwatsun Atlas, kudu da Marrakesh.

Biza tukuna, kafin tikiti. Daga Kasabalanka jirgin ƙasa zai kai ka Marrakesh, daga nan tasi ta bi da kai ta garin Asni zuwa Imlil. Kasuwar Asni na ci ran Asabar. Can za ka yi cefane. Riƙe dirhami, kuɗin Maroko, a hannu, kar ka dogara da katin banki.

Inda aka fi jan kunne shi ne sanyi. Wani malami daga Samaru ya ce hunturun Zariya wasa ne, domin a Imlil ƙanƙara ke rufe duwatsu, don haka a tambayi mai masauki ko akwai abin ɗumama ɗaki. Ni ma nan na fi damuwa, musamman ga mai tafiya da iyaye.

Hawan dutsen Tubkal da ke kusa da Imlil, mai tsayin mita 4,167, sai da ɗan jagora. Wanda gwiwa ba ta bari, ya taka a hankali zuwa Arumd, wani ƙauye kusa da Imlil, alfadari na ɗauke masa kaya. Masallaci da abincin halal kuwa ba abin damuwa ba ne.