Maratayan kwale-kwale da farantan sola a bayan jirgi: ƙarfe ɗaya zai ɗauki duka biyun?

Ɗan_Teku ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni yin wannan aiki, tun kafin in kira mai walda.

Jirgina na ruwa ne mai filafilai, wanda iska ke turawa, jikin faiba, tsawonsa mita 11 da rabi, ƙirar shekarun 1980, irin masu tsukakken bayan nan. Nauyinsa wajen tan 7. Ni da maiɗakina a cikinsa muke zaune, kuma galibi a kan anka muke kwana. Kwale-kwalen da muke fita tudu da shi na roba ne mai hurawa, gindinsa alminiyom, mita 3.1, kilo 45. Injinsa Tohatsu ne mai ƙarfin doki 9.8, kilo 26. A yanzu janye shi muke yi a baya da igiya, da dare kuma a ruwa yake kwana. Gansakuka ta cika gindinsa, yana rage mana gudu, kuma duk lokacin da zan ja da baya gabana faɗuwa yake kada igiyarsa ta naɗe farfela.

Matsala ta biyu ita ce wuta. Baturanmu na darma ne, amfiya-awa 400 a kan volt 12. Firij da fitilu da famfon ruwa da kwamfuta suna cin kusan amfiya-awa 110 a yini, don haka kullum sai na tada babban inji saboda caji kawai, abin da ba na so ko kaɗan.

Abin da ke raina shi ne in sa a ƙera min bakan ƙarfe marar tsatsa a bayan jirgin, in ɗora farantan sola biyu masu wat 200 kowanne a samansa, sannan a fito da hannuwa biyu ta baya waɗanda zan riƙa rataye kwale-kwalen. Shin jirgi mai tsukakken baya zai ɗauki wannan? Ƙafafun bakan a ina ya kamata su zauna? Farantan kuma in haɗa su a sarƙa ne ko kowanne da hanyarsa? Muna da niyyar tsallaka Atlantika daga Las Palmas da ke tsibiran Canary zuwa Karibiyan in Allah ya yarda, don haka ba abin ado nake so ba.

Tsohon_Injiniya ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka ajiye zancen sola tukuna, ka ɗauki biro ka tara nauyin. Kwale-kwale 45, inji 26, tankin mai da anka da filafilan tuƙi ka ce 10, farantai biyu wajen 25, shi kansa bakan da hannuwansa da wuya ya gaza 45. Ka ga kilo 150 ke nan, duk a wuri mafi muni da za a ɗora wa jirgi kaya, wato can ƙarshen baya kuma a sama. Akwai gwajin da ba zai ci maka komai ba: ka samu manyan mutane biyu su tsaya a ƙarshen bayan jirgin, kai kuma ka shiga kwale-kwale ka zagayo ka duba. Bakin salansa ya nutse? Ramukan da ke zubar da ruwan wurin tuƙi sun koma ƙarƙashin ruwa? Abin da ka gani a ranar shi za ka zauna da shi kullum. Jiragen zamani masu faɗin baya suna shanye wannan nauyi, naka kuwa ba shi da jiki mai yawa a can da zai tallafe shi, kuma nauyi a ƙarshen jirgi yana sa shi sukuwa gaba da baya in raƙuman ruwa suka taso ta goshi.

Sai maganar da ta fi damuna, wadda masu walda da yawa ba sa lissafawa. Ɗauki bokitin ruwa kusa da jikinka, sannan ka miƙe hannu da shi, ka ji yadda kafaɗa ke yi. Haka ƙafafun bakan za su ji. In kilo 80 yana reto a nisan mita 1.2 daga ƙafar baya, kuma tazarar da ke tsakanin ƙafar baya da ta gaba santimita 40 ce kacal, to ƙafafun gaba ana fizgar su sama da ƙarfin kilo 240, alhali jirgin yana tsaye cik. In ya faɗo daga kan raƙumin ruwa, ka ninka wannan biyu ko uku. Shi ya sa nake cewa ka buɗe tazarar ƙafafun gwargwadon yadda wuri ya ba ka, ka kuma gajarta hannuwan har kwale-kwalen ya kusa manne wa jirgi.

Ƙarfen ya zama lamba 316, ba 304 ba, domin gishirin teku. Kada ka dogara da ƙarfen shingen baya da jirgin ya zo da shi, an yi shi ne don ya tare mutum, ba don ɗaukar kaya ba. A ƙarƙashin kowace ƙafa, daga ciki, a sa faffaɗan faranti na alminiyom mai kauri ko G10 (wani faranti mai tauri na faiba da gam ɗin ifoksi), kusoshin su ratsa har su fito a ɗaure su da noti. Wasar ƙarfe da ake sa wa noti kaɗai ba ta isa ba. Jiragen shekarun jirginka da yawa akwai katakon balsa a tsakiyar daɓensu. In naka haka yake, ka huda ramin ya fi kusar faɗi, ka ƙwaƙule katakon da ke kewaye, ka cika da ifoksi mai kauri, in ya bushe ka sake hudawa daidai kusar. In ba haka ba noti zai matse balsar, ruwa ya samu hanya, ta ruɓe ba ka sani ba. Ka liƙe da butil ko Sikaflex 291. Ka guji gam ɗin 3M 5200 a nan, in ya kama da wuya ya saki, kuma wata rana za ka so kwance abin.

Kuma a sa ƙarfe ko waya a gicciye tsakanin ƙafafun. Bakan da ba shi da gicciye gefe da gefe yake lilo, daga nan walda ke fara tsagewa.

Maman_Biyu ta rubuta:

Baba ya gama maganar ƙarfe, ni ta zaman yau da gobe zan yi. Malam, ka yi maratayan, ba za ka yi da-na-sani ba. A wurin anka babu abin da ya kai su daɗi. Da magariba ka ja igiya, kwale-kwale ya tashi daga ruwa, gindinsa ya zauna fes, mai son ɗauka da dare kuma sai ya yi aiki kafin ya kai gare shi. Mu fuli muka sa mai ninka ƙarfi sau shida a ɓangaren inji, sau huɗu a goshi, ni kaɗai nake ɗaga shi ba sai na jira maigida ba.

Amma ranar da za ku bar Las Palmas, kwale-kwalen nan ba a maratayi zai tafi ba. Tafiyar kusan mil 2,700 ce ta teku in Saint Lucia kuka nufa, iska da raƙuman ruwa duk daga baya suke zuwa. Raƙumi ɗaya ya fashe a cikinsa, ruwan da zai zauna ya kai ɗaruruwan kilo a cikin ƙiftawar ido, kuma kowace lita kilo ɗaya ce. Na taɓa ganin wani jirgi da ya shigo matsaya, hannu ɗaya ya lanƙwashe ƙasa, faiban da ke gindin ƙafar ya yage har ana hango cikin ɗakin baya. Masu shi sun ce da wuƙa suka yanke igiyoyin suka bar wa teku kwale-kwalen. Ku sace iskarsa, ku kife shi a gaban jigo ku ɗaure tamau, injin kuma ya koma kan katakonsa a shinge.

Ko a wurin anka ma ruwan sama ya isa. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, to cikin kwale-kwale irin naku, ruwan milimita 50 na dare ɗaya zai tara wajen lita 150. Ka cire toshiyar magudanar duk lokacin da ka rataye shi, ka bar bayansa ya ɗan fi goshin sauka, ka kuma riƙa duba ramin, domin ganye ko yashi kan toshe shi. Ni igiya na ɗaura wa toshiyar a jikin sitiyarin injin, don kada a sauke shi ruwa ba a mayar da ita ba.

In za ku yi gajeriyar tafiya da shi a rataye, ja shi sama har ya dangana da hannuwan, sannan a ɗaure shi da ɗamara biyu a gicciye. In yana motsi ko kaɗan, robar gogewa take yi har ta huje.

Abu biyu da ba ka ambata ba. Fitilar baya: dokar kauce wa karo a teku ta 1972 ta ce farar fitila ce mai haska digiri 135, a hango ta daga mil 2, kuma kwale-kwalen zai rufe ta, sai ka mayar da ita saman bakan. Sannan in kana da niyyar sa matuƙin iska, wato na'urar da ke riƙe wa jirgi hanya ta bin iska, irin Monitor ko Aries domin tsallakawar, wurinsa ɗaya da maratayan, kuma farantai a samansa suna dagula iskar da yake karantawa. Hydrovane ana iya kafa shi a gefe, amma shi ma yana son sarari a sama. Ka yanke wannan shawarar kafin a yanka ƙarfe.

Mai_Wayar_Wuta ya rubuta:

Ɗan'uwa, wat 400 zai riƙe ku in rana tana da kyau. A ƙasashe masu zafi, ba inuwa, ka sa ran wajen amfiya-awa 110 zuwa 120 a yini, wato daidai cinku, babu rara. Adadin da ke rubuce a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25, faranti kuwa a rana ya fi haka zafi nesa ba kusa ba, kowane digiri yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Shi ya sa masu firam ɗin alminiyom da iska ke bi ta ƙarƙashinsu suka fi masu lanƙwasuwa, sun kuma fi su daɗewa.

Babban abokin gabanka inuwa ce. Ƙwayoyin da ke cikin faranti a sarƙe suke, in inuwa ta rufe ɗaya sai ta shaƙe layin gaba ɗaya. Siririyar inuwar wayar da ke riƙe jigo ta baya ba ta da yawan illa, amma rada, ko injin wuta na iska, ko sandar ƙasan babban filafili, waɗannan suna iya cinye rabin abin da faranti ke bayarwa. Kada ka ɗora komai a bakan da zai fi farantan tsawo. A kan anka kuma ka ja sandar gefe ka ɗaure.

Saboda haka ni ba zan haɗa su a sarƙa ba. Kowane faranti da na'urar cajinsa ta MPPT, inuwar ɗaya ba ta shafi ɗayan ba, in ɗaya ta mutu a tsakiyar teku kana da rabin wutarka. Victron 75/15 tana ɗaukar wat 220 a kan volt 12, ka ga biyu sun yi maka daidai. Sai dai ba ta fara aiki sai ƙarfin farantin ya haura na batir da volt 5, don haka ka zaɓi farantai masu volt da ɗan yawa. Na'urorin su zauna kusa da batura, wayar ta zama tagulla mai rufin kuza, mai kauri, asarar kada ta wuce kashi 3 cikin ɗari. Fiyus a kusa da batir, cikin santimita 18. Wajen haɗawa batir ne farko, faranti daga baya.

Inda firam ɗin alminiyom ya taɓa ƙarfen bakan, ka raba su da wasar roba ka shafa man hana tsatsa irin Tef-Gel ko Duralac a kusoshin, in ba haka ba gishiri zai mayar da alminiyom ɗin farin gari. Ka gaya wa mai walda ya bar ramukan da waya za ta bi ta cikin bututun tun kafin ya haɗa.

Ɗan_Teku ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Baba, na yi gwajin da ka ce da maƙwabta biyu. Salansa ba ta nutse ba amma saura kamar yatsu uku, ramukan wurin tuƙi kuwa ruwa ya taɓa bakinsu. Na leƙa ƙarƙashin daɓen, balsa ce, sai dai kusa da gefe inda daɓe ya haɗu da jikin jirgi faiba ce zalla. Hajiya, maganar matuƙin iska ta tsaya min a rai, domin ina son sa shi. Yanzu tunanina in rage nauyin: bakan ya ɗauki farantai da kwale-kwale kawai, injin ya riƙa zama a shinge. Hakan ya wadatar, ko in haƙura da hannuwan gaba ɗaya?

Tsohon_Injiniya ya rubuta:

Kada ka haƙura, ɗana, amma cire injin daga kwale-kwale ƙafafun bakan kawai ya sauƙaƙa wa, nauyin yana nan a bayan jirgi. Ka duba akwatunan baya, duk abin da ke da nauyi a ciki, sarƙa ce, anka ta biyu ce, jarkokin mai ne, ka kwashe su zuwa tsakiyar jirgi, ƙasa-ƙasa, sannan ka sake gwajin da mutanen nan biyu. Ƙafafun kuma su zauna a kan faiban nan zalla na gefe da ka gani, nan ne wuri mafi ƙarfi.

Hannuwan a yi su masu cirewa, bututu cikin bututu da fil mai ratsawa. A wurin anka suna nan, ranar tsallakawa ka zare su ka ba matuƙin iska wurinsa. Hakan zai taimake ka a matsayar jirage ma, domin da yawa da duk abin da ya leƙo ta baya suke auna tsawon jirgi. Kafin a taɓa ƙarfe, ka haɗa siffar bakan da bututun roba na famfo, ka ɗora kwali daidai girman farantan, ka juya sandar filafili gefe zuwa gefe ka ga ba ta taɓawa, ka tsaya a sitiyari ka ga kanka bai buga ba, ka sauka tsanin wanka ka hau. In komai ya zauna, wannan bututun shi za ka kai wa mai walda ya auna.