Baba ba lafiya, tari da zazzaɓi, kuma 'yan dubiya sun ƙi daina zuwa. Ya zan yi?

Yar_Gwammaja · Talata, 5 ga Mayu 2020

Slm jama'a, barkanmu da shan ruwa. Don Allah shawara nake nema, wlh kaina ya kulle.

Yau kwana shida Babanmu yana kwance. Shekararsa 68, dama yana da suga da hawan jini. Da zazzaɓi da ciwon jiki ya fara muka ce maleriya ce, yaron kemis ɗin layinmu ya zo ya yi masa allurai kwana uku, zazzaɓin ya sauka ya kuma dawowa, sai ga tari, irin busasshen nan da ba ya fitar da komai. Abin da ya tayar min da hankali shekaranjiya Umma ta sa turaren wuta a ɗakinsa har ƙamshi ya cika tsakar gida, shi kuwa sai cewa ya yi wai yau me ya hana a sa turare. Kunun tsamiyar da ba ya wasa da shi ma kurɓa ɗaya ya yi ya ajiye ya ce kamar ruwa.

A ƙarshen watan jiya sau huɗu yana zuwa jana'iza duk da dokar kullen korona da aka sa a nan Kano, ɗaya amininsa ne tun na yarinta, da shi aka ɗauki makara, ya kuma yi kwana uku a zaman gaisuwa ana ta musabaha.

Mu 23 ne a gidan, har da Hajiya Kaka mahaifiyarsa da ta haura tamanin. Da na ce a kira masu gwajin korona Baffa ya taso min kamar zai dake ni, ya ce kar wanda ya kuskura ya ambaci sunan ciwon nan a gidan nan, so nake a zo da mota a ɗauke yayansa a kai shi cibiyar killace masu ciwon ta Kwanar Dawaki a zubar mana da mutunci a unguwa, in ta Allah ta kasance ko gawa ba za a ba mu ba. Jiya Litinin da aka sassauta kulle kuwa sai ga dangi, na tsaya na ƙirga takalma a ƙofar ɗakin Baba ƙafa goma sha bakwai, ɗaki ɗaya taga a rufe, kowa sai ya kama hannunsa ya yi masa sannu, Gwaggo har tofi ta yi masa a fuska. Jibi Alhamis za a kuma buɗewa kuma na san abin da zai faru. Ni ce ƙarama a masu aure, ba na son a ce ba ni da kunya amma tsoro nake ji. Me ya kamata na yi?

Anti_Nas

Wslm ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba zan ce miki korona ce ba sai an yi gwaji, amma zazzaɓi da busasshen tari da ɗaukewar jin ƙamshi da ɗanɗano, ga kuma zaman makokin da ya yi, ku ɗauka ita ce har sai gwaji ya nuna akasin haka. Ko da an gwada jini an ga maleriya bai kore ta ba, mutum na iya ɗaukar biyun lokaci ɗaya.

Abin da nake so ki riƙe shi ne kwanakin da kuke shiga yanzu su ne masu haɗari. Ciwon nan ya saba lallaɓawa a satin farko sai a sati na biyu, wajen kwana bakwai zuwa goma, numfashi ya fara sarƙewa, musamman ga dattijo mai suga da hawan jini. Ki ɗauki wayarki ki ƙirga sau nawa ƙirjinsa ke ɗagawa a minti ɗaya yana kwance. Mai lafiya 12 zuwa 20 ne. In ya doshi 30, ko ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya huta, ko ya fara ruɗewa yana sambatu, ko barci mai nauyi da ba a iya tashinsa, to babu sauran shawara da kowa, asibiti kawai, don abin da yake buƙata a lokacin oksijin ne kuma babu shi a gida. In akwai mai ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin a unguwarku ku aro, ƙasa da 90 gaggawa ce.

Kafin nan, mutum ɗaya tak zai dinga shiga wajensa, kuma ba Umma ba in ita ma tana da wani ciwo, ba Hajiya Kaka ba ko kusa. A buɗe taga dare da rana, a daina turaren wuta don hayaƙi ƙara masa tarin zai yi. Shi ya sa takunkumi, mai jinya ta sa, ko na yadi ne wanda tela ya ɗinka ninki biyu ko uku ya fi babu. A ware masa kwano da cokali da moɗa da buta, in da hali ya yi amfani da banɗakin soro shi kaɗai, a dinga goge hannun ƙofa da ruwan bilic. Wanke hannu da sabulu sosai duk shiga duk fita. Azumi ya ajiye, ya sha ruwa da yawa, farasitamol don zazzaɓi, maganin suga da na hawan jini kar a tsayar ba da izinin likita ba kuma a dinga auna sugan don ciwo na hargitsa shi. Don Allah kar a sayo masa kulorokwin a kemis, tun a watan Maris aka kwantar da mutane a Legas saboda sun ɗirka wa kansu ita, tana taɓa zuciya.

Su kuma mutum goma sha bakwai ɗin nan na jiya, kowanne gida ya koma, akwai tsofaffi a can su ma. Ciwon na iya kai kwana 14 bai nuna ba, kuma mutum na yaɗa shi kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji komai. Alhamis kam kar a bar kowa ya wuce soro.

DanKwari77

Allah ya sawwake yar uwa. Ni dai gsky ban ce babu ciwon ba amma ku daina saurin kiran komai korona, duk shekara lokacin zafin nan na bazara tsofaffi suna jin jiki ga azumi ga rashin wuta, gwamnatin jiha ma ai cewa tayi mace macen nan da ake ta yi a Kano suga ne da hawan jini da sankarau da maleriya mai tsanani. Kuma abinda ba'a fada shine asibitoci da yawa sun daina karbar mutane, makocina ciwon koda ne dashi ba tari ba komai, asibiti uku muka zaga dashi cikin dare kowa yace a tafi gaba har ya cika a mota, wannan kuma me za'a kira shi? Shiyasa ban ga laifin Baffanku sosai ba tsoronsa nada dalili. Mu nan tun 16 ga Afrilu shago a rufe wanda sai ya fita zai ci ya zaiyi da yara. Ku hada masa sirace da ganyen darbejiya da tazargade, ya sha citta da lemon tsami da zuma insha Allahu zai mike.

Anti_Nas

Malam DanKwari Allah ya jiƙan maƙocinka, abin da ka faɗa ya faru da mutane da yawa kuma abin kunya ne gare mu ma'aikatan lafiya, tsoro da rashin kayan kariya ya sa aka juya wa marasa lafiya baya. Amma zafi duk shekara ana yi, ka taɓa jin masu haƙar kabari sun fito suna cewa sun gaji irin na bana? Sai ranar 11 ga Afrilu aka samu mutum na farko a Kano, yau ba a cika wata ba an haura 300, Legas ce kawai a gabanmu, kuma waɗanda aka samu damar gwadawa ke nan. Dakta Nasiru Sani Gwarzo da ya jagoranci tawagar da gwamnatin tarayya ta turo ya faɗa cewa bincikensu na nuna hannun korona a yawancin mace-macen nan. Mai suga da hawan jini shi ciwon ya fi kayarwa, don haka maganar ba ta cin karo. Citta da zuma ya sha ba laifi, a dai lura da zumar saboda suga, amma ba sa maye gurbin oksijin.

Almajirin_Zaure

'Yar uwa, na lura matsalarki ba ta magani ba ce, ta Baffa ce da 'yan dubiya, to bari na taɓa nan. Kar ki tunkare shi ke kaɗai a gaban mutane, babba ba ya son a ce yarinya ta fi shi gaskiya ko da ta fi shin. Ki samu wanda yake jin nauyinsa, limamin unguwa ko wani yayanku namiji ko mijinki, su zauna da shi a gefe.

Kuma a tuna masa hana dubiya a irin wannan hali ba yanke zumunci ba ne. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni cewa in annoba ta ɓarke a gari na waje kar ya shiga, na ciki kar ya fita, ya kuma hana a gwama raƙuma marasa lafiya da masu lafiya. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham ya ji labarin annoba ya juya da jama'arsa, da aka ce masa gudun ƙaddara yake ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Bana Harami guda an dakatar da Umara, mu nan ko asham ba ma yi a masallaci, tafsiri a rediyo muke ji. In an haƙura da sahun salla to zama a bakin gadon mara lafiya ai ya fi sauƙin haƙura. Addu'a kuma daga ko'ina aka yi tana isa.

Batun zubar da mutunci, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa Abba Kyari wannan ciwon ne ajalinsa, gwamnan Bauchi da na Kaduna sun kamu sun fito sun faɗa da bakinsu kuma sun warke. Ba ciwon abin kunya ba ne, a wajen sauke haƙƙin amininsa Babanku ya je.

Ba_Maradi

Assalamu alaikum, daga Maraɗi nake bin ku. Mu ma nan Nijar tun 19 ga Maris da anka samu na hwarko an hana jam'i a masallatai, a Yamai har dokar hana hita da dare anka sa, matasa sunka yi ta rigima da jami'an tsaro suna cewa babu ciwon. Shekaranjiya Lahadi ga shi ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ya rasu.

Abin da munka yi da kawuna ya kwanta shi zan hwaɗa miki ko zai yi amfani. Ba mu kori kowa ba, don in kin ce ma mutum koma gida ya riƙe ki a zuci har abada. Tabarma munka shimhiɗa a zaure, ga buta ga sabulu, wani ƙanena ya zamna nan da waya, duk wanda ya zo a tarbe shi da mutunci a ce likita ya hana shiga, a kira wayar da ke ɗakin a sa a sifika su gaisa ya yi mishi addu'a ya tahi. Ki lura, likita ya hana za ku ce, kar ku ce mu munka hana. Kwana biyu tsohin sunka yi ƙorahi daga baya kowa ya saba. Kawu ya tashi, amma matarshi da ta ƙi barin ɗakin ta yi sati biyu kwance ita ma.

Yar_Gwammaja · Alhamis, 7 ga Mayu 2020

Ngd sosai jama'a, Allah ya saka da alheri, ban samu zama ba sai yanzu.

Daren Talata na ƙirga numfashin kamar yadda Anti Nas ta ce na samu 24, jiya da la'asar 29, daga gado zuwa bakin ƙofa sai da ya dafa bango ya huta sau biyu. Na kira Yaya babba ina kuka, shi ya ɗauko Liman suka shiga da Baffa soro sun fi awa ɗaya, ban san me aka ce ba amma da ya fito idonsa ja ya ce a kira. Lambar da ake faɗa a rediyo mun yi ta bugawa tun magariba ba a ɗauka ba sai wajen sha ɗayan dare, yau da safe suka zo suka ɗauki samfur ta hanci, da suka auna shi da abin yatsan nan 88 ya nuna suka ce ba za a jira sakamako ba. Sun tafi da shi wajen ƙarfe tara, da ƙafarsa ya shiga motar Yaya na riƙe da shi, mutanen layi sun fito suna kallo Baffa ya tsaya a ƙofar gida bai ce komai ba. An sa masa oksijin, ɗazu bayan azahar mun yi waya muryarsa ƙasa-ƙasa ya tambayi Hajiya Kaka.

'Yan dubiya sun zo kamar yadda na zata, mun yi dabarar ɗan uwanmu na Maraɗi, Gwaggo ce kawai ta yi fushi ta juya ko zama ba ta yi ba. An rubuta sunayenmu duka an ce kar wanda ya fita kwana 14, na kuma bi mutum goma sha bakwai ɗin nan a waya na samu sha ɗaya, shida ba su ɗauka ba zan sake gwadawa bayan an sha ruwa. Hajiya Kaka mun mayar da ita ɗakin ƙarshe ita da yarinya ɗaya. Anti Nas tambaya ɗaya, Umma tun asuba take cewa kanta na ciwo jikinta da ɗan ɗumi amma ba tari, kuma ta ƙi ajiye azumi, in jira zuwa gobe ko in kuma kiran su yanzu?