Tulun kaka: na Farisa ne ko na Indiya?

Maman Ilham: Salam jama'a, ga hoton tulun ƙarfen da kakanmu ya taho da shi daga aikin Hajji tun kafin a haife ni, baƙi wuluk an zuba masa furanni da azurfa har wuya. Wani mai sayar da tsofaffin kaya ya ce min aikin Farisa (Iran) ne, wai Indiyawa kwafa kawai suke.

Ɗan Kurmi: Gaskiya ya faɗa miki Hajiya, ki dubi ganyen da ya nannaɗe shi, irin zanen da ke jikin masallatan Isfahan ta Iran ne sak.

Baban Yusra: A'a malam, wannan Bidri ne wlh, na gani da idona a gidan tarihi na Salar Jung a Hyderabad lokacin da na kai mahaifiyata asibiti, ɗaki guda aka ware masa. A garin Bidar ake yin sa, jihar Karnataka ta Indiya.

Ɗan Kurmi: Bida dai ta Nupe? 😂

Baban Yusra: Bidar da r, su Bida tagulla suke ƙerawa, wannan kuwa tutiya ce aka haɗa da ɗan jan ƙarfe kaɗan, a zuba a cikin ƙira, a sassaƙa zanen da ƙaramin ƙarfe sannan a bubbuga zaren azurfa a cikin ramukan, daga ƙarshe a kwaɓa ƙasar tsohuwar ganuwar Bidar da wani sinadari a shafa masa da zafinsa, nan take jikin ya koma baƙi azurfar kuma ta tsaya fari tas kamar ba a taɓa ta ba. Ina Farisa a ƙasar ganuwar Bidar?

Malam na Tudun Wada: Kun ga ku biyun kowa ya riƙe rabi. Sarakunan Bahmani da suka mayar da babban birninsu Bidar a ƙarni na 15 fadarsu cike take da mutanen Farisa, har wazirinsu Mahmud Gawan ɗan Gilan ta Farisa ne, shi ya gina babbar makarantar garin a 1472. Zanen ya zo da su, ba musu.

Baban Yusra: To amma baƙin fa Malam? A Iran tagulla da jan ƙarfe suke sassaƙawa, ba su da wannan baƙin. Kuma tutiyar ma Indiya ta daɗe tana narka ta a Zawar ta Rajasthan tun kafin Turawa su iya.

Ɗan Kurmi: Ni dai ban sauka ba, mai zane shi ne mai aiki.

Baban Yusra: Haba dai, to kenan in maɗinkin Kano ya yi maka aska takwas a shaddar da aka saƙa a Turai rigar ta Bature ce? Ka ga ma hujjar taka ta juyo kanka.

Malam na Tudun Wada: Hajiya kar ki saki jiki da maganar tsufa ma, har yau ana yin sa a Bidar, a 2023 Firaministan Indiya Modi ya kai wa shugaban Afirka ta Kudu Ramaphosa irinsa kyauta a taron BRICS. Kar dai a goge shi da toka ko lemun tsami, baƙin a sama yake, ɗan mai kawai za ki shafa.

Maman Ilham: Innalillahi, ai jiya na sa yarinya ta dirje gindinsa da toka