Neman taimako kan tantance shekarar wata tsohuwar bindigar soja

Assalamu alaikum. Ina roƙon masana tarihin makaman soja su taimaka mini game da wata bindiga ƙirar Lee-Enfield da ke cikin kayan tarihin da nake kula da su a nan Zariya, wadda an daɗe da toshe bututunta, kuma hukuma ta san da zamanta.

A jikin ƙarfen da ya haɗa ƙota da gangar bindigar akwai tambarin kambi, ƙarƙashinsa haruffan GR, sai BSA Co, wato kamfanin ƙera makamai na Birmingham a Ingila, sai shekara wadda tsatsa ta cinye lambarta ta uku, har ana karanta ta kamar 1908. A nan na cije, domin GR tambarin Sarki George na Biyar ne, wanda bai hau gadon sarautar Ingila ba sai 1910, don haka bindigar 1908 ER ya kamata ta ɗauka, wato tambarin Sarki Edward na Bakwai da ya gabace shi. Akwai kuma tauraro bayan lambar samfurin, wato III, alamar samfurin da aka sauƙaƙa ƙirarsa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa na fi karkata ga 1918. Abin da ya hana ni sakin jiki shi ne lambar ƙarfen ɗana harsashi ta saɓa da ta gangar, ga shi kuma maƙeran yankin Khyber da ke iyakar Pakistan da Afghanistan sun shahara da kwaikwayon irin waɗannan bindigogi har da tambarinsu.

Ta yaya zan fito da lambar shekarar da tsatsa ta cinye ba tare da na kankare ƙarfen ba? Kuma idan na cire katakon da ya rufe bututun, shekarar da aka buga a jikin bututun za ta isa hujja? Allah ya saka da alheri.